Gajere, Kan Jirgin Salisu, Ya Narke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da har yau ba su daina warin fenti ba, ni Labbo mai gyaran keke a Sabon Garin Gusau nake sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da ma'aikatan tasha, rasuwar Gajere, ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na roba wanda ƙanena marigayi Salisu ya haɗa da hannunsa. Ya rasu ranar Litinin da ta wuce, tsakanin hantsi da azahar, cikin kakar wannan shekara ta 1959, a kan benci a bayan rumfata, bayan gajeriyar jinya. Ya bar duniya yana da wata takwas. Tsawonsa taƙi ɗaya da yatsa biyu, nauyinsa bai kai na ƙwan zabo uku ba. Ba a neman wanda ya kashe shi, domin shi ne yake rubuta wannan sanarwa.

Marigayin ya zo duniya gunduwa-gunduwa a cikin kwali. Wani Bature injiniya ne ya dawo da shi daga hutu, ya kai wa Salisu da ya ji ciwon tari ya kwantar da shi. Salisu ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuba kwal a wutar jirgi, daga Zariya ya ratsa Tsafe ya sauka Gusau ya zarce Ƙaura, yana jiran ranar da za a ce ya zama direba. Ranar ba ta zo ba. Da ƙarfinsa ya ƙare muka mai da shi gida Nahuce, ƙasar Bunguɗu, wurin mahaifiyarmu Inna Tambaya, kuma a can ne, a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ya zauna da reza da ɗan bututun gam yana ɓalle gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya daga jikin sandunan robar da suke manne. Ya yi kwana arba'in da wani abu yana wannan aiki. Wata rana ƙafa ɗaya kaɗai zai liƙa, sai ya kwanta ya huta.

Duk wanda ya san Gajere ya san shi da haƙuri. Bai taɓa neman kwal ba, bai taɓa shan ruwa ba, bai taɓa makara ba tunda ba a taɓa jiransa a wata tasha ba. Bai take akuyar kowa ba. Ƙafafunsa shida manya da huɗu ƙanana suna juyawa in an tura shi a hankali, sandunan gefensa suna kai suna komowa yadda na gaske suke yi. Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa a kan faifai ita ce “ƙyas, ƙyas, ƙyas”, a kan daɓe kuwa “kirrr”, sai wata ƙafa ta baya da take cewa “cik” duk zagaye ɗaya, don an ɗan liƙa ta a karkace. Sauran muryarsa Salisu ne yake ara masa da baki, “shiƙi-shiƙi, shiƙi-shiƙi”, amma in ya zo busa usur sai tari ya tare shi a tsakiya. Ban taɓa jin usur ɗin Gajere ya kai ƙarshe ba.

Babban aikin da ya yi a rayuwarsa, wanda saboda shi nake ɓata takarda, shi ne wannan. Idon Inna ya rufe tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgi ta bayan garinmu. Shekara talatin tana jin abin yana wucewa, ƙasa tana rawa, kwanukan jerenta suna kaɗawa, ba ta san ko kamarsa kamar rumbu ce ko kamar raƙumi ba. Ɗanta ya yi shekara goma sha ɗaya a cikinsa, ita kuwa abin da ta sani kawai ƙara. Ranar da Salisu ya gama haɗa Gajere, ina zaune a wurin, ya ce:

“Inna, kawo hannunki. Wanga shi na bututun hayaƙi. Wanga dogon tulun ruwa na ciki. Taho da yatsanki baya, sauka kaɗan. To nan nika tsayawa. Ga bakin wuta nan gabana.”

Ta daɗe da yatsanta a wurin. Can ta ce, “Ashe wurin ba shi da hwaɗi.” Ya ce ba shi da shi. Ta ce, “Kuma ba ƙohwa, iska na shiga.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ruwan farko ya sauka muka binne Salisu, kuma tun daga ranar Gajere bai sake kwana a wani wuri ba sai cikin tsohon kallabi a gefen matashin Inna. Da safe in ta idar da lazimi sai ta kwance shi, ta bi shi daga gaba zuwa baya, ta ƙirga ƙananan kawunan ƙusoshin da aka fitar a jikinsa, ta mai da shi. Matar Salisu, Wasila, ta ce ko kunu aka kawo sai ya jira.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, kuma ba zan rage wa kaina komai ba. Gajere launin toka ne, launin robar da aka yi shi da ita. Kwana uku kafin Salisu ya cika ya kama hannuna ya ce, “Yaya, in na tahi ba a yi mai hwenti ba, kai ka yi mai. Baƙi, gaba ja, kamar namu. Amma kar ka sa buroshi, shina cike ƙusoshin.” Na ce na ɗauka. Wasiyya ce, kuma wasiyya nauyi ce, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ni ne mai fesa wa kekunan rabin Gusau fenti, da famfon feshin sauro da na gyara wa baki da kaina, kuma raina ya so a ga Gajere yana walƙiya a ce aikin Labbo ne. Da damina ta ɗauke, iska ta bushe, na hau keke na tafi Nahuce.

Inna ba ta faɗin sunana, tunda ni ne ɗan fari. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ce:

“Kai wanga, bar shi yadda mai shi ya bar shi. Ni launi mi zai ƙara man?”

Na ce, “Inna, shi ya ce a yi.”

Sannan ta ce, “Kwana nawa?”

“Ukku.”

“To, ukku.” Ta ɗaure kallabin da kanta, ƙulli biyu, ta miƙo. Daga hannunta na karɓe shi, ba daga hannun kowa ba.

Ba za a ce ba a yi mini gargaɗi ba. A cikin kwalin akwai takarda da Turanci, na kai wa maƙwabcina Malam Luka, akawu a tasha, mutumin kudancin Zariya, wanda ya yi wa Salisu kirki da yawa. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya ce, “Malam Labbo, takardar nan ta ce fentin mai za a sa, irin mai shanyewa a hankali. Ta ce ban da fentin mota. Kuma kowane iri ne, ka gwada tukuna a kan ragowar sandunan nan, ai ga su a kwalin. In ka jira Asabar zan sa a taho maka da ƙaramin gwangwani daga Zariya.” Na ce masa, “Malam Luka, shekara ashirin ina hwenti, takarda ba ta taɓa riƙa man hwamho ba.” Har dariya na yi lokacin da nake faɗa. Na yi wa Inna alkawarin kwana uku, Asabar kuwa kwana shida ce, na mai da wannan hujjata.

Daga nan na wuce garejin Sabiru mai fesa wa manyan motoci fenti. Ya zuba mini baƙi a gwangwanin madara, ya haɗa mini da kwalbar tina, ruwan nan mai hawa kai da ake tsinka fentin mota da shi. Ya ce, “Wanga hwenti in ya kama ƙarhe, sai dai ƙarhen ya mutu ya bar shi. Abin naka ƙarhe na?” Na ce, “Kusan haka.” Ina roƙon jama'a kada kowa ya ɗora wa Sabiru laifi. Ya yi tambayar da ta kamata, ni na ba shi amsar da ba ita ba. A sana'armu ta ƙarfe fenti mai ƙarfi shi ne fenti mai kyau, wanda ya fi cizo ya fi daɗewa, kuma da wannan ilimi na tunkari abin da ba ƙarfe ba.

Ciwon ya shiga shi hawa uku. Da hantsi na ɗora shi a kan faranti, na tsinka fentin da tina sosai don ya fita ta bakin famfo kamar hazo, ina cewa a raina da haka ƙusoshin Inna za su tsira. Na fesa. Wallahi na ɗan lokaci ya yi kyan da bai taɓa yi ba, baƙi ƙirin yana ɗaukar ido, har na ja da baya ina kallo. Sai na ga walƙiyar tana mutuwa, fatar tana yamutsewa kamar saman kunu in ya huce. A jikin keke in haka ta faru sai ka ƙara wani ya kwantar da na farko. Na ƙara. Wannan ne hawa na biyu, kuma a nan ne ya yi magana, “tsss”, a hankali, sai wanda ya kusantar da kunne. Ƙusoshin suka nutse ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Sandunan gefe suka saki jiki suka kwanta a kan ƙafafu.

Da na tsaya nan, da an samu gawa mai kyan gani. Tsoro ne ya kama ni, na jiƙa tsumma da tina zalla na ce bari in goge fentin duka in koma farko. Tsumman ya taho da rufin ɗakin direba. Yatsana ya shiga gefen tulun ya bar rami. Na ɗauke shi da gudu na kai shi kan benci a bayan rumfa cikin rana wai ya bushe ya tsaya, rana ta ƙarasa abin da na fara. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ɗas”, lokacin da bututun hayaƙin ya sunkuya ya faɗi a kan farantin. Ana kiran sallar azahar na tabbatar ya cika. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Washegari, da babu sauran amfani, na yi abin da Malam Luka ya ce in yi tun farko. Na fito da sandunan robar, na jera su a benci, na yi musu binciken da likita yake yi bayan an mutu. Na ɗiga wa ta farko tina, kafin in ƙirga ashirin ta yi danƙo. Na fesa wa ta biyu fentin Sabiru, ta yamutse. Na tsinka tsohon fentin mai da nake zana layi a jikin keke da shi, na fesa wa ta uku sama-sama daga nesa, ta sha, ta kwana, ta tashi lafiya lau. Na ɗauki ta ukun nan na fesa mata na mota a kai in gani ko na ƙasa zai kare ta, sai na saman ya tayar da na ƙasan, duka suka kumbura suka tsattsage. In ban da kwanan da ta ukun ta yi, aikin nan gaba ɗaya bai ci mini lokacin shan fura ba. Fentin mai ɗin kuwa yana kan kanta a rumfata tun bara, kamu biyu daga inda na tsaya na kashe Gajere. Ina rubuta wannan don duk wanda Allah ya kai irin abin nan hannunsa: kowa da kiwon da ya karɓe shi, abin da ke raya ƙarfe yana narka roba. A gwada a gefe, a fesa kaɗan, a ba shi kwana, kuma in an ga ya fara lalacewa a cire hannu.

Marigayin ya rasu ya bar kwalinsa mai hoto a jiki, da takardar Turancin da ba a ji maganarta ba. Ya bar rabin bututun gam da ya bushe, da reza mai tsatsa, da sanduna huɗu da suka tsira daga gwaji. Ya bar kallabi wanda har yanzu yake riƙe da shatarsa. Ya bar Wasila, wadda take share shi da gashin kaza duk ranar Juma'a ba tare da ta karya masa ko ƙugiya ɗaya ba. Ya bar Malam Luka, wanda ya zo ya duba gawar, ya cire hula, ya tafi bai ce mini “ai na faɗa maka” ba, abin da ya fi mari zafi. Famfon feshi ma yana raye, amma an kore shi daga rumfa. Sannan ya bar Inna.

Kwana ukun suka cika ina Gusau. Na huɗu ya wuce. A cikinsu shaiɗan ya kawo mini shawara mai kama da tausayi. Malam Luka ya ce in ina so zai rubuta wasiƙa birnin Ikko a nemo wani irinsa sak, sai na ce a raina to ai shi ke nan, in haɗa sabo, in fesa masa fentin kirki, in kai mata in yi shiru, tunda ba gani take yi ba. Na aika wa Wasila da wannan dabara ta hannun direban motar auduga, wai ta riƙa ce wa Inna fenti ne bai bushe ba. Amsarta ta dawo da yamma, gajeriya. Ta ce a gaya wa Yaya Labbo akwai ƙullutun gam a gefen hagu, inda tari ya girgiza hannun Salisu, kuma nan ne yatsan Inna yake fara zuwa kowace safiya. Ta ce in zai iya sayo wannan a Ikko to ya sayo. Ta ce kuma ita ba ta yi wa makauniya ƙarya.

Ranar Alhamis na hau keke na tafi hannu sake. Ban taɓa jin nisan Nahuce ba sai ranar. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, da ta ji ƙarar sarƙar kekena sai ta goge tafukanta a zane ta miƙo su duka biyu. Na durƙusa na gaishe ta, hannuwan suna nan a miƙe. Na faɗa mata komai, har da maganar Malam Luka, har da ƙaryar da na yi wa Sabiru, har da saƙon da na aika wa Wasila. Ba ta katse ni ba. Ta sauke hannuwan a kan gwiwa ta ce, “Allah ya yi.” Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ina shekara arba'in da biyar na zauna ina kuka a tsakar gidan uwata, ita ce ma take cewa in tashi in sha ruwa.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsara. Na je wurin liman, ya ce roba ba ta da salla, ba ta da likkafani, kuma kada in kuskura in kai ta maƙabarta, na ce na ji. Don haka za a rufe shi ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a Nahuce, a bayan ɗakin Inna kusa da rumbu. Ni zan haƙa ramin. Masu tasowa daga Gusau da Tsafe jirgin safe zai sauke su, na Bunguɗu kuwa hanya ce ta ƙafa. Ba za a yi zaman makoki ba, ba za a dafa komai ba. Wanda ya yi niyyar sadaka ya yi ta da sunan Salisu, shi ne mai bukata. Masu gaisuwa su gai da Inna da Wasila, ni a wuce ni.

Abu ɗaya ne zai iya ja mana lokaci. Na so in kawo gawar a ɗaure cikin kallabin in sa a rami haka nan, na roƙi Inna kada ta kwance, na ce mata abin da ke ciki ba Gajeren da ta sani ba ne, dunƙule ne mai kaushi wanda ba gaba ba baya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

“Kai wanga, ka kawo man shi yadda shike. Salisu ma da ciwo ya cinye shi, ba yadda na haihe shi ya koma ba, kuma ban ƙi taɓa shi ba.”

Saboda haka za a ajiye mata shi a cinya, kowa ya ja baya. Ba za a rufe ramin ba sai ta miƙo shi da kanta, ko da magariba za ta same mu a tsaye. Masu sauri su yi zamansu a gida.